Muryar da Manoman Tanda Suka Ƙi Saurare

Aisata Siddo ta shigo Gaya da hantsi, ranar kasuwa. Tun daga bakin gari kamyoyi ke jere, wasu har ciyawa ta tsiro ƙarƙashin tayoyinsu, don tun da aka rufe gadar Malanbil ta iyakar Binin ba su motsa ba. Wani soja ya leƙo ta tagar mota, ya dubi katinta, ya dubi fuskarta.

"Darekta janar," ya karanta a hankali. "Madam, sannu da hanya. Baƙuwa ce?"

"Bayan tsohuwar tasha aka yanke mini cibi," in ji ta.

Ya yi dariya, ya ɗaga igiya.

Gaskiya ta faɗa. 'Yar tela ce, ta yi lakkol a nan, ta yi lise a Doso, daga nan boko ya ja ta har ƙetare. Yanzu tana da kamfani a Yamai, ma'aikata sittin, suna rubuta manhajojin salula. Ta saba ta yi magana sau ɗaya a tashi a yi. Amma kowane babban hutun lakkol sai ta dawo gida, ta buɗe zauren mahaifinta marigayi, ta jera tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta, guda takwas, ta koya wa 'yan mata kyauta. A zauren nan ta tsinci Zuliha, yarinya mai tallan soyayyen kifi, wadda ta fara taɓa madannai da yatsa ɗaya kamar za su cije ta. Shekara goma ke nan. Yau Zuliha ce shugabar biron kamfanin a Gaya.

Kuma saboda ita Aisata ta yi wannan tafiya.

Aikin da suka sa a gaba sunansa Kunnen Kogi. An kafa ma'auni a cikin ruwa can sama da gari. In kogi ya ƙaru, na'ura ta kira salular manoman shinkafa, ta faɗa musu da baki, da Hausa ko da Dendanci, don wanda gonarsa ke ƙasa ya yi shiri kafin ruwa ya kwanta mata. Ba a karɓar komi hannun manomi. Aisata ta ce wannan na garinsu ne. Kayan aikin ma sai da suka yi wata huɗu a Kotonu, daga ƙarshe a kwalekwale aka tsallako da su.

Wata biyu ana gwaji. Kullum da safe na'ura na kiran mutum ɗari huɗu. Kusan dukansu sai su ɗauka, su ji kalma ɗaya ko biyu, su kashe.

Alasan, mataimakinta a Yamai, bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce yarinyar ta yi ƙanƙanta da kujerar, ga shi jan ruwa, babbar cikar kogi, na tafe nan da sati uku. A cire ta, a turo namiji daga Yamai ranar Litinin. Aisata ta ce a ba ta kwana uku ta gani da idonta.

Ta iske Zuliha a biro, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Zuliha ta tashi da sauri, ta karɓi jaka, ta kawo ruwa, ta kawo kujera, ta koma ta kawo wata kujerar da ta fi.

"Zauna, kina sa ni jiri," in ji Aisata. "Mi ke faruwa?"

"Wataƙila rezo ne, Madam. Kin san nan wani lokaci salula sai ta kama na Binin."

Aisata ta jawo ordinatar. Ta yi minti goma tana dubawa.

"Rezo lafiyarsa ƙalau. Suna ɗauka. Suna ji. Kashewa suke yi da hannunsu. Don mi?"

Zuliha ta dubi fanka.

"Madam, in wani za a ba aikin, a ba shi. Ni na kasa."

Abin ya sosa wa Aisata rai fiye da yadda ta zata. Ta san kan yarinyar nan. Ta taɓa ganinta ta gyara ma'aunin ruwa tana tsaye cikin kwalekwale, masunta uku na riƙe da ita suna salati. Mai irin wannan kai ba ta kasawa haka kawai.

"Gobe za mu je mu tambaye su."

"To. Mu fara da Yelu?"

"Tanda."

"Ko Yelu ɗin dai, su sun fi…"

"Tanda na ce. Ba gidan surukanki ba ne? Sai mu ci tuwon banza."

Zuliha ta juya ta shiga tattara takardun kan tebur.

Shugaban manoman shinkafa na Tanda, Sha'ibu, shi ne uban mijin Zuliha. Ɗan kawun Aisata ne kuma, wato taubashinta, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Sun same shi ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gida, yana ɗaure ƙotar fartanya, dattawa biyar ko shida zaune tare da shi.

"Sha'ibu!" Aisata ta ƙwala tun daga mota. "Har yanzu kana raye? Na zo da niyyar gadon gona."

"Ku tashi ku ɓoye kaji," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ga mayunwaciyar Yamai ta sauka. Ke, shinkafar kwali ba ta ƙosar da ke ba?"

"Wannan tumbin naka shi ya cinye ta ƙasar, mi ya rage mana?"

"Da gumina na tara shi. Ke fa? An ce kina zaune cikin ɗaki mai sanyi kina danna allo, wai aiki."

Dattawa suka yi ta dariya. Aka shimfiɗa mata tabarma. Zuliha kuwa can nesa ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta yi gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, fuskarta na kallon katanga. Sha'ibu ya amsa a gajarce, shi ma yana kallon wani wuri. Aisata ba ta ga komi a ciki ba. Haka suruki da suruka suke.

Bayan an sha ruwa ta shiga magana.

"Na kawo muku abin da zai tsare gonakinku, kyauta, kuna kashewa. Kai ne shugaba. Mi ya sa?"

Sha'ibu ya duba ƙotar fartanyarsa sosai, kamar yau ya fara ganinta.

"Abu mai kyau ne," ya ce. "Allah ya saka."

"Ba addu'a na zo nema ba. Ina salularka?"

"Tana wajen mai ɗaki."

"Kira ta."

Barira, matar Sha'ibu, ta fito tana goge hannu da zane. Doguwar mace ce, ba ta da saurin dariya. Ta gaida baƙuwa da "fofo" irin nasu, sannan ta juya Hausa. Da aka tambayi salula sai ta koma ciki, ta daɗe, ta fito da tukunya. Ta buɗe murfi, ta ɗaga tsumma, ta ɗaga wani tsumman. Salular na ƙasa.

"Mi take yi cikin tukunya?"

"Nan ne ba a jin ta," in ji Barira.

Aisata ta girgiza kai. Ta ciro tata salular, ta shiga manhajar, ta sa na'ura ta kira lambar Sha'ibu yanzu-yanzu. Ta ɗauko ta cikin tukunyar, ta ƙara mata sauti yadda kowa zai ji. Salula ta yi ƙara, ta danna.

Muryar Zuliha ta fito, tsaf, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga bayan gida.

"Sha'ibu! Ruwan kogi ya ƙaru da taƙi ɗaya."

Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi." Wani ya sa hula ya rufe bakinsa, kafaɗunsa na rawa. Sha'ibu ya ɗaga kai yana nazarin ganyen dogonyaro. Zuliha ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi, ta bar takalmanta a nan, ta yi bayan rumbu.

"Kin ji ko?" in ji Barira. "Shekara talatin da huɗu ina gidan mutumin nan. Na haifa masa tara. Ban taɓa kama sunansa ba, ko cikin barci. Sai ga matar ɗana, kullum da sassafe, ba sallama, ba ina kwana. Ran farko yana alwala, buta ta faɗi daga hannunsa."

"Ni ma haka take mini," in ji mai hula. "Da sunan da ke kan katin ɗan ƙasa. Tun da uwata ta rasu ba wanda ya kira ni da shi. Na zaci daga lahira ne."

Dariya ta ɓarke, har da Sha'ibu. Aisata ce kaɗai ba ta yi ba.

Ita ta kawo wannan dabara. A wani taro a Dakar ta ji an ce mutum ya fi sauraro in ya ji sunansa. Ta dawo da zafinta, ta ce a ɗauko sunaye daga takardar ƙungiyar manoma, Zuliha ta karanta su ɗaya bayan ɗaya a naɗa. Ranar da aka gama, Aisata da kanta ta gwada, kuma da sunan Sha'ibu ta gwada. Ta ji, ta yi dariya, ta ce ya yi. To ita duk duniya ai ita ce aka yarje wa ta ƙwala wannan suna a bainar jama'a. Kunnenta bai ji komi ba.

Ta tashi ta bi bayan rumbu. Zuliha na tsugune, tana tsinke ciyawa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ran da kika faɗa, Tanti." A biro Madam take ce mata. In sun keɓe, Tanti.

"Kuma kika zauna kika karanta sunan surukinki."

"Na rufe ƙofa. Sau bakwai ina farawa."

"Wata biyu! Ba ki zuwa gidan nan ke nan?"

"Ta bayan gari nake bi in na zo duba ma'auni."

Aisata ta ji dariya na taso mata, ta ji haushi ya danne ta.

"Don mi ba ki ce mini, Tanti wannan shirme ne ba?"

Zuliha ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Da wane baki? Da faranti a kaina kika gan ni. Ke kika koya mini komi. In kin ce abu, sai in ce wataƙila akwai abin da kika hango ni ban hango ba."

Aisata ta jingina da rumbu. Shekara goma. Ta koya mata rubuta manhaja, ta koya mata tsayawa gaban farfe, shugaban yanki mai kaki, ta yi bayani ba rawar murya, ta koya mata sallamar ma'aikacin da ba ya aiki. Tana alfahari da ita a tarurruka. Ashe ta gina mutum ne wadda za ta gwammace ta rasa kujerarta, ta ɓata da gidan mijinta, da ta ce mata a'a. Kuma ma'aikata sittin ɗin can na Yamai, su nawa ne haka?

"Saurara," ta ce. "Alasan na son turo wani ran Litinin. Na zo ne in hana. Amma ba zan bar biro hannun wadda ke ganin rami ta bar ni in faɗa don kunya ba. Ba don na ƙi ki ba. Gonakin mutane ne. Kin ji ni?"

"Na ji."

"To tashi. Takalmanki na can suna jiran ki."

Suka dawo. Zuliha ta zauna bayan Barira, ta ɓoye rabin jikinta. Aisata ta tsaya tsakiyar fili. Kanta ya riga ya yi aiki a 'yan takun nan, kuma ta gamsu da abin da ya ba ta. Haka take. Matsala ba ta kwana a hannunta.

"Jama'a, laifina ne, ba na yarinyar nan ba. Ku yafe. Kuma na samo gyara. Za mu cire muryarta. Akwai wani mai karanta labarai a Yamai, babban mutum, murya kamar ganga. Shi zai karanta sunayen. Namiji ne, ba surukin kowa ba ne. Kwana biyu an gama."

Dattawa suka gyaɗa kai. "Madalla," in ji ɗaya. "Allah ya saka," in ji Sha'ibu, da irin muryar ɗazu. Barira ta fara mayar da tsumma cikin tukunya.

Aisata ta ɗauki jakarta. Ta ji daɗin yadda abin ya zo da sauƙi.

"A'a."

Ƙaramar murya ce, daga bayan Barira.

"Wa ya yi magana?"

"Ni ce, Tanti." Zuliha ta miƙe. "Ba zai yi ba. Wannan ma… wannan ma kuskure ne."

Aisata ta ji zafin maganar har cikin kunnenta. Ita ta nema, ba ta zaci za ta zo da wuri haka ba, kuma a gaban Sha'ibu.

"Ina jin ki," ta ce da ƙyar.

"Baƙo ne. Baƙo ya kira dattijo da sunan yanka, ba gaisuwa, shi ma kashewa za su yi. Yanzu ma kunyarki suka ji suka ce madalla. Dubi Inna, ta mayar da ita tukunya."

Barira ta tsaya da murfi a hannu.

"Ba suna ne matsala ba, wane suna ne. Kowa a nan yana da abin da ake kiransa. Sai mun bi gida-gida mun tambaya. Kuma na'ura ta fara da sallama, ta yi shiru a amsa mata. Ta tambayi gida, ta yi shiru. Sannan ta faɗi ruwa. Kuma ba da sassafe ba, lokacin kowa na hanyar gona. Bayan la'asar."

"Kiran zai yi tsawo."

"Gara mai tsawo da aka ji."

"Muryar wa?"

Zuliha ta dubi ƙasa, sannan ta dubi uwar mijinta.

"Ta Inna. Duk Tanda ba wanda ke kashe mata magana."

"Wannan gaskiya ne," in ji Sha'ibu da sauri. "Ni shaida ne."

Aka kwashe da dariya. Barira ta harare shi, amma ta ajiye murfin.

"Ni ba na shiga cikin waya," ta ce.

"Ba shiga za ki yi ba, Inna. Magana kawai, kamar kina aika yaro."

"To shi wannan mi zan ce masa?" Ta nuna mijinta da haɓa.

"Ki ce Baban Hasan," in ji Aisata.

"Hasan ɗan fari ne. Shi ma ba na kama sunansa."

Aisata ta ɗaga hannu biyu sama. "Na bari. Na yi shiru. Zuliha, ki ji da su."

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Sha'ibu. "'Yar tela ta yi shiru. Ku ba ni ruwa in sha."

Mai hula ya ce ai tun shekarar da Sha'ibu ya noma fadamar da kowa ya gudu ya bari ake ce masa Mai Fadama. Barira ta juya sunan a bakinta, ta ce wannan ba laifi. Nan take Zuliha ta ciro salula, ta durƙusa gabanta. Sau uku ana ɗauka, don na farko Barira ta zarce da tambayar jikoki, na biyu akuya ta sa baki. Da aka gama Zuliha ta yi 'yan danne-danne, salular cikin tukunya ta yi ƙara. Sha'ibu ya ɗauka da yatsa biyu.

"Salamu alaikum, Mai Fadama."

"Wa alaikumus salam," ya amsa, kafin ya tuna. Ga matar zaune gabansa, ga shi yana gaida ta cikin waya.

"Ina wuni? Ina gida?"

"Lafiya lau," in ji shi, ya gyara zama.

Ya saurara har ƙarshe. Ruwa ya ƙaru da taƙi ɗaya. Ya sauke salular, ya juya wajen dattawa.

"Taƙi ɗaya. Lawali, gonarka ce a ƙasa. Gobe a ɗaga maka kunyar gona, ta tare ruwa."

Daga nan magana ta koma ta ruwa da shinkafa, aka manta da baƙi.

Aisata ta koma gefe ta kira Yamai.

"Alasan, kar ka turo kowa. Tana nan a kujerarta."

"An gano matsalar?"

"An gano. Ni ce."

Alasan ya yi gyaran murya a wayar.

"Ka ji mamaki?"

"A'a… wato, Madam, dama mun ɗan yi maganar sunayen nan a biro, tun farko."

"Ku nawa?"

"Kusan kowa."

"In na dawo za mu zauna," in ji ta. "Kusan kowa."

Sun ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Zuliha ta ci a ɗakin Barira, karo na farko cikin wata biyu, ana jin dariyarsu daga waje.

Washegari da safe Aisata ta zo biro da shirin komawa Yamai. Ta iske Zuliha ta raba takardar sunaye kashi huɗu, ta tura ma'aikatanta biyu, ta riƙe kashi ɗaya. Na huɗun na kan tebur, da littafi da alƙalami a kai.

"Na wa ne wannan?"

"Naki, Madam. Mutum ɗari, Yelu da kewaye. Sati uku ya rage, hannu bai isa ba."

"Ina da taro gobe a Yamai."

"A ɗaga shi."

Aisata ta dube ta. Zuliha ba ta sauke ido ba, ko da yake ta riƙe bakin tebur da ƙarfi.

"Mota ba ta shiga, ruwa ya cinye hanya. Na kira miki kabu-kabu, yana waje. In kin isa gida ki gaisa tukuna, har su gaji. Kar ki duba agogo. Kar ki karanta musu sunan da ke takarda, ki tambayi maƙwabci. Kuma Madam…"

"Akwai saura?"

"Wannan takalmin ba zai yi ba."

Aisata ta dubi dogon takalminta. Ta tuɓe shi, ta zura silifas ɗin da aka miƙo mata, sun yi mata yawa. Ta ɗauki littafin. A waje mai kabu-kabu ya tada mashin, ta tattare zane ta hau baya, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu.

"Hajiya, ina muka nufa?"

"Yelu," ta ce. "An aike ni."